Gwangwanin Budhimaya

Kakata Budhimaya ba ta san boko ba,
amma tana da gwangwanin madara da ta cire wa gindi.
A watan da damina ke sallama da tsaunukan Nepal
ta ƙulle shi a bakin zane, ta miƙo mini buta,
muka kama hawa, ita a gaba, ni a baya ina haki.

Can cikin tsohon kurmi,
inda gatari bai taɓa shiga ba don tsoron iskokin wurin,
ta durƙusa, ta ture ganye mai laima,
ta kafa gwangwanin, ta danna shi da dunduniya.
"Zuba," in ji ta, "ka ƙirga numfashina."
Bakwai. Ruwan ya shige
kamar ɗan gida da ya dawo daga kasuwa.
Ta tono ƙasar da yatsa, baƙa wuluk, mai ƙanshi,
tana biyu suna murɗawa a tafinta.
"Ga masu buɗe ƙofa," ta ce, ta mayar da su.

Muka gangaro wajen itatuwan da aka dasa a jere,
masu ganye kamar allura,
waɗanda aka kawo a mota shekarar da aka haife ni.
Mata sun share ƙarƙashinsu tas don shimfiɗar ɓauna.
Sittin da ɗaya.
Ruwan ya yi ta shawara kafin ya shiga.

Sai gangaren mahaifina.
Nan Furba ya sare komai a rani guda,
ya sayar wa masu gasa bulo a kwari,
kuɗin ya zama kwanon rufi da takalmin makarantata.
Ba na zaginsa. Ni na sa takalmin.
Daga baya awaki suka gama da toho,
kofato ya daɓe sauran kamar daɓen ɗaki.
Gwangwanin ma bai shiga ba sai da dutse.
Na zuba. Na ƙirga ɗari, na ƙirga ɗari biyu,
har gajimare ya zo ya duba fuskarsa a ciki ya wuce.
Tari ya sarƙe kakata, lissafi ya ɓace mini.

"Ruwan sama ba ya gaba da kowa," ta ce.
"Inda aka ba shi wurin zama sai ya zauna,
ya bi saiwa ya sauka,
ya yi wata shida yana tafiya cikin duhu,
ya ɓullo a marmaro ranar da maƙogwaronka ya bushe.
In kuwa ya tarar da ƙofa a rufe,
ya kwashi abin da ya samu a bakin ƙofar,
ya yi ja, ya yi gangare a guje."

Na san inda yake zuwa.
Na ga gonar tambar Mingmar kwance a kan titin mota,
na ga kogi da launin shayi mai madara,
na ga ƙanwata da tulun tagulla a layi tun asuba
gaban marmaron da yanzu ke ɗiga kamar hancin mai mura.

Ba ta ga wata damina ba.
Gwangwanin yana wurina, bakinsa ya yi tsatsa.
Shekara huɗu ke nan da muka kewaye gangaren da ƙaya,
awaki suna cin abin da muka yanko musu a gida.
Mingmar yana mita,
matarsa kuwa tana dasa ciyawar tsintsiya a bakin kwazazzabo.

Bana ni kaɗai na hau.
Ɗari da arba'in, da nawa numfashin,
kuma na fi ta saurin numfashi,
don haka ban san yadda zan kwatanta ba.
Na tona da yatsa ko zan ga tana.
Babu tukuna. Sai wata farar saiwa, siririya,
ta riƙe ɗan dunƙulen ƙasa, na ja, ta ƙi saki.